Ranar da Malam Ja-Numfashi Ya Zaunar da Iyaye Kan Benci

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar makaranta, malamin lissafin nan ya riga ya jingine kekensa a bakin ajin ƙarshe. Ba ya taɓa alli sai ya bi benci-benci yana duba idon ɗalibai: wa bai yi barci ba, wa ya fito bai karya ba. Sannan ya ce kowa ya ja numfashi sau uku. Nan ya samo sunan da ya bi shi shekara talatin, Malam Ja-Numfashi. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Ni da farko haushinsa na ji. A lokacin autata na shirin jarrabawar shiga jami'a, ni kuwa tun tana firamare nake kiranta Likita a gaban baƙi. A jarrabawar gwaji ta yi awa guda ko sunanta ba ta rubuta ba, yarinyar da ba ta taɓa wuce ta uku a aji ba. Ina jiran ya ƙara mata darasi, sai ya aiko wai iyaye yake son gani.

Muka je, har da tela maƙwabcina. Ya zaunar da mu kan bencin yara, gwiwa na dukan tebur, ya raba takardu, ya ajiye agogo. Lissafin 'yan firamare ne fa. Yana zagayawa yana cewa dangi duk mu suke kallo, kar mu ba su kunya. Ni direba, mai lissafa tafiyar kwana biyu da ka, bakwai sau takwas ta gagare ni. Tela kuwa gumi ya jiƙa masa takarda.

"Minti goma kuka yi," in ji Malam. "Su wata shida ke nan suna cikinta, kuma daga bakinku suke jin wannan maganar."

Jiki ya fi kunne ji. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Malam, kai ne ka gane ciwon yaran nan ba a littafi yake ba, ka bi shi har gida ba ka ci mutuncin kowa ba. Ranar jarrabawa na kai autata bakin ƙofa na ce, "Auta, ki ci ko ki faɗi, abincinki na nan a rufe." Ta yi dariya, ta ja numfashi, ta shiga. Yau tana shekara ta biyu a jami'a, ilimin noma take karanta, zaɓin kanta.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Malaman da za su gaje ka, don Allah kar ku tsaya kan yara kawai. Ku kira mu iyaye, benci zai ɗauke mu.