Saiwar da na ƙi haƙa da damina

Karatuna ya tsaya a aji bakwai na firamare a Gulma. Bayan noman shinkafa, abin da na iya shi ne saiwa, kuma wurin mahaifina na koya. Akwai wani itace a bakin fadama da yake haƙar saiwarsa don masu farfaɗiya. Ba zan rubuta sunan itacen ba, kada wani ya karanta ya ɗauki magirbi. Ba a taɓa shi sai ruwa ya janye, sai ganye ya zube, sannan a shanya saiwar a inuwa.

Ɗan ƙanwata ya karanci ilimin magunguna har ya zama Dakta. Aikinsa binciken abin da magani ke yi wa ƙwaƙwalwa, yana gwadawa a kan ɓeraye a wani ɗakin gwaji a Birnin Kebbi. Wata shekara da rani ya roƙe ni saiwar, na haƙa masa bisa ƙa'ida. Ɓerayen suka rage fizge-fizge, ya rubuta takarda, aka buga a mujallar masana. Shi ya bayyana mini yadda ake auna mutum a aikinsu. Na farko, takarda nawa ya buga. Na biyu, sau nawa wasu masana suka ambaci takardarsa a nasu rubutun. Ya nuna mini a waya cewa ana ambatonsa a ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba. Na ce madalla.

Bayan shekara biyu, tsakiyar damina, ya same ni a gidana na Argungu, takalmansa duk laka.

"Kawu, kwamitin ƙarin girma zai zauna ƙarshen shekara. Takarda guda ta rage mini. Saiwa nake so cikin satin nan."

"Fadama cike take. Da kwalekwale zan haƙa?"

"Akwai na tudu, Kawu. Itace ɗaya ne, suna ɗaya."

"Saiwar damina ruwa ce zalla. Kakanka ko kallonta bai yi."

Ya yi dariya. "Kawu, ɓera bai san damina ba."

"Bai kuma san kunya ba. Shi zai fara tona maka asiri."

Na zaunar da shi na jera masa. In ya gwada ba ta yi aiki ba, zai rubuta cewa maganin mahaifina banza ne, masu ambatonsa su kwashe su yaɗa. In kuma ya rubuta ta yi aiki alhali ba ta yi ba, su ɗin ne dai za su yaɗa ƙaryar. Ya ce sai ya saya a kasuwa. Na ce ya saya, amma kada sunan Gulma ya shiga takardar.

Washegari uwarsa ta zo. "Yaya, ɗanka ne fa. Abokan karatunsa duk sun wuce shi." Na ce na sani, kuma ba zan haƙa ba. Ta tafi ba ta sha ruwan da aka kawo mata ba.

Bai saya a kasuwar ba, wannan kam na yaba masa. Kwamiti ya zauna, aka ɗaga wanda ya shigo aiki bayansa, shi aka bar shi. Wata biyar bai kira ni ba. Ni ma ban kira shi ba, don ban ga laifin da na yi ba.

Da aka gama yankan shinkafa ƙasa ta tsage, na haƙa, na shanya, na ɗaure a buhu. Na hau mota zuwa Birnin Kebbi, na ɗauki keke zuwa gidansa a Gwadangaji. Ya gaishe ni a tsaye.

"Kawu, ai kwamiti ya tashi."

"Zai sake zama. Amma da sharaɗi. Ka rubuta a takardar wane wata aka haƙa, da yadda aka shanya."

"Mujalla ba ta tambayar wannan."

"Ni na tambaya. In ba haka ba, da buhuna zan koma."

Ya dube ni, ya dubi buhun da ban saki wuyansa ba. Sannan ya shiga ciki ya fito da biro da takarda, ya jawo mini kujera.

"To, Kawu, faɗa a hankali."

Na fara daga ranar da ruwa ya janye.