Tanar da Baba yake kiwo a tulu

Shekarun baya da ɗan dama, lokacin ina koyarwa a wata lakwal, makarantar boko ke nan, a Magariya, inda ake kiran malamin lakwal Mushe, babu abin da nake so ranar Lahadi irin in ɗaure sandar fatsa a bayan moto, in nufi wani tabki da ke hanyar Kwaya. Ban ce na iya ba. Matata takan ce ni ba kamun kifi nake zuwa ba, ciyar da su nake zuwa yi.

A bakin hanyar akwai wani tsoho mai rumfar zana, yana sayar da ƙugiya da zare da tana mai rai a gwangwanin tumatir. Masunci ne a da, har ƙafa ta gaza masa. Da rumfar nan suke ci, shi da matarsa.

Wata shekara aka zuba 'ya'yan kifi a tabkin, aka kafa kwamiti. Suka hana sa duk wani abu mai rai a ƙugiya. Wai masu kawo ƙananan kifi daga wasu tabkuna suna kawo cuta, masu haƙar tana kuma suna zubar da gaɓa. Duka gaskiya ne, ban musa ba. Amma babu wanda ya taka ya tambayi tsohon inda tasa tanar take fitowa. Aike kawai aka yi masa cewa ya daina.

Lahadi uku ina wucewa, yana zaune shi kaɗai yana korar ƙuda. Mu kuma muna can muna manna tuwo a ƙugiya, ruwa yana wankewa. A ta huɗu na tsaya.

"Baba, zuba mini gwangwani ɗaya."

"Mushe, kada ka ja wa kanka. Kai ma'aikaci ne."

"Zuba kawai, Baba."

Na zauna inda kowa zai gan ni, na ajiye gwangwanin a buɗe. Ba a jima ba mai gadin tabkin ya karɓe sandata, ya ce in bi shi wajen shugaban kwamiti. Dama abin da nake nema ke nan.

Shugaban ya ce, "Mushe, har da kai mai koya wa yara bin doka?"

Raina ya ɓaci sosai. Na ce, "Alhaji, tara zan biya. Amma Lahadi mai zuwa ma da tana zan zo, haka wadda ke bayanta, sai ranar da kuka je kuka ga inda take fitowa."

Mun sha gardama, amma bayan la'asar suka biyo ni. Tsohon ya kai mu bayan ɗakinsa, gindin dogon yaro. Fasassun tuluna ne jere, cike da ƙasa da ruɓaɓɓen kashin shanu, an rufe su da jiƙaƙƙen buhu. Matarsa ce ke zuba musu ruwan wankin gero kullum. Ya cusa hannu ya ɗebo ƙasar, sai ga tanar nan jajaye suna motsi.

Ya ce, "Alhaji, ni da ba na iya sauka gaɓa, yaya zan haƙe ta? Tun kafin a zuba kifinku nake kiwon waɗannan."

Shugaban ya ce, "To me ya hana ka faɗa?"

"Wa ya tambaye ni?"

Sati bai cika ba aka halatta tanar tulu. Hanin ƙananan kifi yana nan har yau, kuma ina goyon bayansa. Tarar kuwa na biya, ban taɓa nadama ba, gobe ma in aka yanke wa mutum abincinsa ba a ji ta bakinsa ba, haka zan yi. Da aka mayar mini da sandata na wuni a bakin ruwa da tana mai lasisi, ko ɗan tarwaɗa ban kamo ba.

Tsohon ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bayan arba'in matarsa ta aiko mini da tulu ɗaya a amalanke. Yana bayan ɗakina. Matata tana mita kullum, amma ita ce ba ta taɓa mance zuba masa ruwan gero ba.