Ranar Da Shija Ya Kwashe Kayan Uwarsa

Mama Kabula maƙwabciyata ce a bakin titin tasha a Mwanza. Ni ina soya kifi, ita tana baza gwanjo a kan buhu.

Tana budurwa ta shiga masaƙar gwamnati, zamanin Ujamaa, lokacin da ake cewa komai na kowa ne. Takan ce mana da jiniya ta yi kuka da safe, sai ka ga ma'aikata sun cika titi suna waƙa. Akwai asibitin ma'aikata, akwai ajin yaƙi da jahilci, a can ta koyi karatu. Sabulu ma sai an bi layi, amma a cewarta kowa ya yarda gobe za ta fi yau.

Sai aka rufe masaƙar. Mijinta ya rasu, ta koma sayar da tsofaffin kayan Turai, da su ta yi wa autanta Shija makaranta. Ya gama, ya yi shekaru yana yawo da takardu, daga baya ya samu shiga askarawan birni, masu korar 'yan tireda daga titi.

Wata Talata da hantsi muka ji ihu: "Ga su nan!" Kowa ya suri abin da zai iya. Na rungumi kaskona da zafinsa na faɗa lungu. Mama Kabula kuwa gwiwa ta hana ta gudu. Motar askarawan ta tsaya a gabanta, aka diro da kulake. Na leƙo, sai ga Shija a cikinsu.

Shugabansu ya nuna buhun. "Kai sabon shiga, kwashe min tsummokaran tsohuwar nan."

Shija ya tsaya kamar an dasa shi.

"Kurma ne kai? Ko ka gaji da aikin?"

Jama'a suka fara taruwa. Wani ɗan acaɓa ya ɗauki dutse. "Ka taɓa ta ka gani, ɗan banza!"

Mama Kabula ta miƙe da kyar. "Ajiye dutsen nan, ɗana." Ta juya ga Shija kamar ba ta taɓa ganinsa ba. "Samari, yi aikinka. Ɗauka."

"Mama..."

"Na ce ɗauka!"

Ya tattara buhun, ya jefa a mota. Shugaban ya ɗauka "Mama" ɗin da Shija ya ce ladabi ne kawai irin na yara ga tsofaffi, bai gane uwarsa ce ba.

Kayan ba su dawo ba. Mu muka haɗa mata 'yan riguna ta sake farawa. Na tambaye ta me ya sa ta yi haka, ta ce, "Mutum ɗaya ke da albashi a gidanmu. In an kore shi, wace masaƙa zai je?"

Shija yana nan a aikin. Ya bar gidan ya kama ɗaki a wata unguwa, don ya kasa haɗa ido da ita. Duk Lahadi takan dafa tuwon masara da kifi ta hau mota ta kai masa.