Koren Allin Dakta Tackett

Yayata Maite Urrutia ba ta mantuwa. Tun muna yara a kwarinmu na jihar Idaho a Amurka, in ka cinye mata cuku ranar Litinin, to ka saurari hukuncinka ko da sai bayan Kirsimeti ne. Da babanmu ya rasu muka raba tumakinsa. Ni na ci gaba da kiwo, ita ta riƙe 'yan kaɗan ta koma horar da karnukan kiwo tana sayarwa. Shekara talatin, duk karen kirkin da ya kora garke a kwarin nan daga gidanta ya fito. Ba ta yi aure ba, wai maza ba sa jin fito.

A cikin karnukanta babu kamar Zuri, wani baƙi mai fararen ƙafafu. Fito ɗaya za ta yi, ya sauko da tumaki ɗari takwas daga kan dutse bai bar ko gurguwa a baya ba.

Likitan dabbobi kuwa ɗaya gare mu, Dakta Orrin Tackett. In ba shi ba, sai ka yi tafiyar awa uku a mota. Ya san da haka sarai, shi ya sa yake magana da mu kamar yana yi mana alfarma.

A shingena abin ya faru, ranar ɗura wa tumaki maganin tsutsa. Maƙwabta huɗu sun zo taya ni, Maite ta zo da Zuri. Tunkiya za ta shigo lungu, Dakta ya ɗura mata, ya ja mata layi a goshi da koren alli don kada a maimaita, a sake ta. Maite ta ce masa Zuri na ta susa kwana biyu, in an gama ya duba shi. Daga nan ta shiga gida dafa mana kofi.

"Ƙazuwa ce," in ji Dakta, ko sunkuyawa bai yi ba. "Fermin, kama min shi."

Ni ne Fermin. Kuma na sani, kowane makiyayi ya sani, wasu karnukan irin wannan jinsin maganin tumaki guba ne a jikinsu. Na ce, "Dakta, anya kuwa?"

"Kai ne likitan ko ni?"

Sai na sa Zuri tsakanin gwiwoyina na buɗe masa baki. Da baƙo ne da ya sha cizo, amma ni ya san ni, har kaɗa wutsiya yake yi. Dakta ya ɗura masa, kuma da yake hannu ya saba, ya ja masa koren layi a goshi. Muka kwashe da dariya, mu shashashai.

Washegari Zuri ya makance, yana tangaɗi, yawu na zuba. Sau shida Maite ta kira Dakta, bai zo ba. A rana ta uku karen ya mutu a kicin ɗinta.

Da mutumin nan ya zo ya cire hula ya ce ya yi kuskure, ƙila da an wuce wurin. Ina! Sai ya rubuta a fayil cewa bai ba karen komai ba, mai shi ce ta yi masa magani a gida. Bai tsaya nan ba, ya je shagon abincin dabbobi, inda duk maganar kwarin ke tashi, ya ce tsufa ya fara taɓa Maite, ta kashe karenta da hannunta. Matar da ba ta da miji, ba ta da ɗa, sunanta a kan karnuka shi ne duk abin da ta mallaka. Shi ya taka.

Kafin ta binne Zuri ta aske gashin goshinsa da koren layin, ta sa a ambulan. Ta kai ƙara hukumar jiha mai ba likitocin dabbobi lasisi. Bayan wata bakwai suka aiko da takarda: alli ko'ina ana sayarwa, babu mai shaida, an rufe magana.

Ta bi mu biyar ɗin gida-gida, kowa ya zille. Ni ta zo wa a ƙarshe.

Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Haihuwar tumaki saura wata biyu. In aka karɓe lasisinsa, wa zai zo mana?"

"Ban tambaye ka tumaki ba. Ka gani ko ba ka gani ba?"

"Haba Yaya, kare ne fa."

Kai, da na haɗiye harshena ya fi mini. Ba ta zage ni ba. Ta sa hularta ta fita, ta ja ƙofa a hankali.

Daga ranar ta daina sayar mana da kwikwiyo. Za ta loda su a mota ta bi ta ƙofar gidajenmu a hankali, har da ɗaga hannu, ta kai wa mutanen jihar Wyoming. Duk bayan wata uku kuma, in hukumar ta zauna a birnin Boise, ana ba kowa minti uku ya yi magana. Maite za ta tashi ta ajiye ambulan ta ce, "Sunana Maite Urrutia, ban kashe karena ba." Sauran lokacin sai ta tsaya tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya har ƙararrawa ta buga. Shekara huɗu ba ta yi fashi ba, ko da dusar ƙanƙara ta toshe hanya.

Karnukanmu suka tsufa. Tsoho Purdy, maƙwabcina, ya sayo wani daga intanet, ranar farko ya kora masa tumaki cikin kogi. Bai kwana ba sai da ya je ya sa hannu a takardar shaida. Sauran ukun suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Amma lauyan Dakta ya ce duk suna can bayan garke, wanda ke kusa mutum ɗaya ne. Ni kuwa na ƙi, domin in zan faɗi gaskiya sai na faɗi wanda ya buɗe bakin karen.

Nawa karen ya mutu. Ina da shekara sittin da uku na koma bin tumaki a kan babur mai ƙafa huɗu, ya kayar da ni a gangare, kafaɗa ta goce. Ina kwance Purdy ya zo gaishe ni, sabon kwikwiyo daga gidan Maite na biye da shi. Ya ce, "Fermin, taurin kan na mene ne? Je ka faɗa ka huta."

Na je. Na tsaya gaban likitoci bakwai na hukumar na faɗi komai, har dariyar. Dakta ya kafa mini ido, ni ma na kafa masa, don na tsane shi, ya mai da ni matsoraci a gaban 'yar'uwata. Aka dakatar da lasisinsa wata shida, aka tilasta masa gyara fayil. Maite ta manna takardar a ƙofar shagon abincin dabbobi da ƙusa huɗu. Watannin suka faɗa kan haihuwar tumaki, na rasa tunkiya goma sha ɗaya.

Da bazara karyarta ta haihu, jikokin Zuri. Na yi aski, na sayi burodi, na tafi. Ta fito da ɗaya a hannu, baƙi mai fararen ƙafafu, har na ji ƙwalla.

"Miƙo hannu," ta ce.

Na miƙa duka biyun. Ta zaro koren alli daga aljihu, ta ja mini layi a tafin dama, ta danna sosai.

"Su Purdy kallo suka yi. Kai kuwa Zuri ya yarda da kai, ka buɗe masa baki. Hannun nan ba zai sake taɓa kare nawa ba."

"Yaya, ai na faɗi gaskiya."

"Ka faɗa da ka buƙaci kare. Gai da gida."

Ta karɓi burodin, ta shige da kwikwiyon, ta rufe ƙofa.