Zannuwan Ungozomar Geza

Har yau ban manta ranar da aka dawo mana da bargunan jarirai daga Geza ba, a cushe cikin buhu, wai iyayen yaran sun ce ba sa so. A lokacin ina koyar da ɗinki a wata ƙaramar cibiyar koya wa mata sana'a a nan Bagudo. Hajiya Kulu ce shugabarmu, ni ke bi mata, kuma ni ke kula da ɗakin kekuna. Ku da kuka zo bayanmu kun tarar aikin bargon ƙyalle ya riga ya kafu, don haka bari in fara da yadda muke yinsa a wancan lokaci.

Mukan bi telolin kasuwa mu karɓi ragowar yadin da suka yanke, wanda da ma ƙonawa suke yi. Sai a wanke, a shanya, a goge, a ware atamfa gefe guda, shadda gefe guda. Leshi da duk wani yadi mai duwatsu ba ma sawa, domin yana kartar fatar jariri. Daga nan a ɗora kwali a kan ƙyalle a yanka shi daidai girman tafin hannu. Sababbin ɗalibai ne ke haɗa ƙyallayen layi-layi, a nan suke koyon miƙe ɗinki. Idan fuskar bargo ta haɗu, sai a shimfiɗa shafi a ƙasa, a sa auduga a tsakiya, a ɗora fuskar a sama, a bi duka da ɗinki don kada audugar ta dunƙule in an wanke. A ƙarshe a kalmashe baki. Akwai ƙarami na jariri, akwai babba na yaron da ya fara tafiya.

Ba sayarwa muke yi ba. Muna kai wa ƙananan asibitocin da matan Zagga da Matsinkai da Geza ke zuwa, bi da bi. Macen da ta yi awon ciki ta haihu a asibiti sai a ba ta ƙarami, wadda ta kammala wa ɗanta rigakafi a ba ta babba. Kyauta ce ƙarama, amma ta sa mata da yawa sun riƙa zuwa.

Wata shekara, bayan an gama girbin shinkafa, wani dattijo ya zo cibiyar da ƙunshi ɗaure a bayan kekensa. Ya ce sunansa Malam Mani, daga Geza. Ya ajiye ƙunshin a gaban Hajiya Kulu ya ce, "Na ji kuna yi ma jinjirai abin rufa. Ga wanga, sadaka ce." Hajiya ta yi godiya, ta yi masa addu'a, ya hau kekensa ya tafi. Ko ruwa bai tsaya sha ba.

Da muka kwance sai muka ga zannuwa ne na atamfa, irin waɗanda ake sayowa a tsallaken iyaka, a Benin. Zanensu da launinsu ba irin na kasuwarmu ba ne. Sun sha wanki har sun yi laushi, babu sauran sitati a jikinsu, kuma ga mai wannan aiki babu abin da ya fi haka kyau. Muka yanka, muka gauraya da ƙyallayen teloli, suka shiga barguna biyar. Layin rabo kuwa ya faɗa a kan Geza, aka kai can.

Ba a jima ba sai ga Sista Maryama, wadda ke kula da masu haihuwa a asibitin da matan Geza ke zuwa. Ita ce ta shigo da buhun. Bayan gaisuwa ta ce, "Hajiya, kun san zannuwan wa kunka yanka?"

Hajiya ta ce, "Wani dattijo ya kawo sadaka."

"Na matarsa ne, Inna Bintu, ungozomar Geza, wadda ta rasu da damina. Babu gidan da ba ta shiga da zannuwan nan ba. Wata tsohuwa ce ta gane su a wurin suna, ta faɗa a gaban mata."

Daga wannan magana ta tsohuwa labari ya bazu cewa da kayan mamata muke ɗinka wa jarirai bargo. Kafin ya kai Matsinkai har an ƙara masa gishiri, an ce da ragowar likkafani. Mata huɗu suka mayar da nasu. Ranar awo kuwa benci ya zama wayam, kuma akwai masu tsohon ciki da suka aiko cewa a gida za su haihu, ciki har da wadda Sista ta riga ta gaya wa cewa ɗanta a gicciye yake.

Hajiya ta ce, "Amma ai addini bai hana amfani da tufafin mamaci ba. Kowa ya san haka."

Sista ta ce, "Hajiya, ba hukunci na zo tambaya ba. Matan nan ba sa zuwa, shi ne damuwata."

Sai Hajiya ta ce in shirya in bi Sista zuwa Geza da buhun. Ta ƙara da cewa duk abin da aka nema na gyara, in amsa da sunan cibiya.

Yadda ake yi idan ma'aikaci ya shiga ƙauye da magana irin wannan, sai ya fara gaida mai gari, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Haka muka yi. Mai gari ya haɗa mu da liman, liman ya kai mu gidan Malam Mani. A can muka tarar da wata matsalar da ba mu san da ita ba.

Inna Bintu asalinta mutuniyar tsallake ce, Dandanci ne harshenta. 'Yarta Zainabu tana aure can cikin dangin uwa, wajen Segbana. Ta zo ta'aziyya da damina ta koma, yanzu kuma ta sake tsallakowa da ɗanta ƙarami don a raba kayan mahaifiyarta. Da ta buɗe akwati sai ta tarar babu zane ko ɗaya. Mun same ta zaune a tsakar gida, akwatin a buɗe a gabanta, uban yana bakin zaure.

Liman ya tambayi Malam Mani dalili. Ya ce, "Ban iya kallonsu, Malam. Kullum na shiga ɗaki, ga akwatin nan. Sai na ce gara su rufe jinjirai, da ma jinjirai ne aikinta."

Zainabu ta ce, "Baba, da ka tambaye ni." Hausarta ba ta miƙe sosai ba saboda daɗewa a tsallake, amma kowa ya ji.

Liman ya yi bayani a taƙaice. Ya ce kayan mamaciya gado ne, miji yana da rabonsa, sauran na 'ya'ya ne, kuma ba a kyauta da abin da ba a raba ba. Tunda an riga an yanka, ko dai Zainabu ta yafe, ko a maye mata gurbinsu. Na ce cibiya za ta sayi sababbin atamfofi ta ba ta.

Ta dube ni ta ce, "Malama, atamfa tana nan cike a kasuwarmu. Na Inna nake so."

Sai na kwance buhun na shimfiɗa bargunan huɗu a kan tabarma. Matan maƙwabta sun riga sun taru a bakin katanga. Zainabu ta matso ta durƙusa. Ta fara taɓa ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya. Ta ce wannan shuɗin da shi Inna ta raka ta ɗakin miji. Wannan mai ganye-ganye shi take ɗaurawa in an kira ta wurin haihuwa. Ta nuna wani mai ɗan tabon ƙuna a gefe, ta ce garwashi ne ya faɗa masa tana dafa wa wata mai jego ruwan wanka. Na tuna lokacin da muke yankan mun ga tabon, mun bar shi saboda bai huda ba.

Ta tambaye ni ko ana iya farke ɗinkin. Na gaya mata gaskiyar sana'a. Na ce ana iyawa, amma zane ba zai dawo ba, ƙyallaye ne kamar tafin hannu za ta samu. Abin da za mu iya shi ne mu tsince na mahaifiyarta kaɗai daga cikin bargunan, mu haɗa su wuri ɗaya su zama babban bargo guda, ba tare da ƙyallen kowa a ciki ba. Ta juya ta dubi ɗanta, wanda ya riga ya hau tabarmar yana jan bakin wani bargo. Ta ce a yi hakan.

Sai liman ya tuna an ce biyar ne, ina na biyar ɗin? Sista ta ce yana hannun wata mai jego, Hauwa'u, ita kaɗai ce ba ta mayar ba. Aka aika aka kira ta. Ta shigo da jaririyarta naɗe a cikinsa, ta gaida liman, ta gaida Malam Mani. Da aka gaya mata abin da ake ciki sai ta ƙara rungume 'yar.

Ta ce, "Ni tun ranar da anka ba ni na gane shi. Inna Bintu ce ta karɓe ni ranar da anka haife ni, ita ta yanke mini cibi. Da na samu ciki ta ce ita za ta karɓi nawa, Allah bai nufa ba. Wanga shi ne abin da ɗiyata ta samu daga gare ta. In kun ce in bayar, zan bayar, amma ba da son raina ba."

Zainabu ta tashi ta je ta ɗaga bakin bargon, ta kalli fuskar jaririyar. Ta yi wata magana da Dandanci wadda ban ji ba, sannan ta ce da Hausa, "Ki bar shi. Na yafe wannan." Liman ya ce ta yi magana da 'yan'uwanta maza su ma su amince, ta ce za ta yi. Ga mahaifinta kuwa ba ta ce komai ba a gabanmu.

Na dawo Bagudo da buhun na ba Hajiya rahoto. Farke ɗinki ya fi yinsa wahala. Da reza muka bi zaren a hankali, ni da manyan ɗalibai biyu, domin tsohuwar atamfa in aka ja ta da ƙarfi yagewa take yi. Bakin kowane ƙyalle ya riga ya sha allura, dole muka rage shi, don haka da muka haɗa sai bargon bai kai girman na yaro mai tafiya ba. Hajiya ta kawo farar shadda a zagaye shi da ita. Sista Maryama, da ta zo duba aikin, ta ce bayan maganar likkafani kada fari ya kusanci wannan bargo. Muka sa shuɗiya.

Sauran ƙyallayen muka cike su da na teloli, muka sake ɗinka huɗu. Wannan karon da kaina na kai su ranar awo, na tsaya a gaban matan na faɗi shagon da kowane yadi ya fito. Uku daga cikin waɗanda suka mayar sun karɓa. Ta huɗun ta ce ta gode, ba ta so, kuma ba ta taɓa karɓa ba har na bar aiki. Mai cikin nan da ɗanta ke gicciye ta dawo awo, Sista ta tura ta babban asibiti a kan lokaci. Sauran matan sun dawo, amma a hankali, sai da shekara ta juya kafin benci ya sake cika.

Zainabu ta zo karɓar nata ranar kasuwa, a kan hanyarta ta komawa gida. Ta warware shi, ta duba gaba da baya, ta nemi mai tabon ƙunar har ta gan shi a kusurwa. Ta ce mini, "Fofo," wato godiya a harshensu. Ta goya ɗanta, ta lulluɓe shi da bargon ko da yake rana ta take, ta hau bayan mashin suka nufi iyaka. Malam Mani bai zo ba.

Bayan wannan Hajiya Kulu ta kafa dokar da kuka tarar. Duk zanen da ya shigo daga gida, ba daga shagon tela ba, ba a sa masa almakashi sai an san na wa ne, mai shi yana raye ko ya rasu, in ya rasu kuma ko magada sun yarda. Na ga wasunku suna jin nauyin yi wa mai kawo sadaka waɗannan tambayoyi. Ku yi su. Mu masu ɗinki laushin yadi da ƙarfin zarensa muke dubawa, amma mutanen da muke kai wa sun san wadda ta ɗaura shi, sun san gidajen da ya shiga. Zane guda ya tsorata wata uwa, ya zama gata ga wata, kuma kowace tana da dalilinta. Ɗinki in ya karkace ana farkewa a gyara. Yanka ne ba ya gyaruwa, shi ya sa tambaya take zuwa kafinsa.