Ya Sayar da Shanun Huɗa, Ya Sayi Mai Kuka

A kasuwar Tudun Wada, ga wani magidanci tsugune gaban na'urori uku na neman zinare. Dogo ne, hularsa ta koɗe, tafin hannunsa duk kanta irin ta mai riƙon garma. A kafaɗarsa igiyar shanu ce, amma babu shanun. Ba sai an tambaya ba, shanun huɗarsa ya rabu da su a kara da safen nan, ga kuwa hadari ya fara haɗowa daga gabas.

Zaɓe yake yi kamar mai cinikin sa. Ya ɗaga wannan ya jinjina, ya ƙwanƙwasa waccan, saura kaɗan ya ce a nuna masa haƙoranta.

"Ɗan'uwa, wacce ta fi kuka?" yake tambayar mai rumfa.

"Wannan, Alhaji! Ko tukunyar kakanni ce a binne, sai ta tona asirinta."

Mai rumfa ya kewaya da ita daidai inda kowa ya ga ya tura ƙusa da ƙafa. Ta tsandara ihu.

"Allahu akbar! Ita nake so."

Da igiyar shanun ma yake ɗaure ta, yana murmushi kamar ango.

Haba, bawan Allah! Damina ce fa a bakin ƙofa, gona tana jira. Kuka kam za ta yi masa, a kan kowane gwangwani daga nan har Doguwa. Ranar da batirinta ya mutu kuma, iyalinsa su karɓe ta da kukan.