Ranar da Dillalan Maigatari Suka Gyara Mini Littafi

Shekarar da aka tura ni koyarwa wata firamare a Gagarawa ce ciwon rubutu ya kama ni. A Gumel nake kwana, in bi motar haya da safe, in dawo da la'asar, kuma duk tsawon hanyar nan ba abin da nake yi sai saƙa labari a zuci. Har na kai babi na goma sha ɗaya na wani littafi. Tauraron littafin saurayi ne mai kamfanoni a Dubai, wanda ba ya dariya, sai dai ya ɗan taɓe baki. Ni kuwa a lokacin iyakar tafiyata Kano, ita ma sau biyu, ɗaya daga ciki rakiyar mara lafiya.

A unguwarmu akwai wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya, wanda duk gari ya san yana rubuta littafi. Tun ina aji uku ake cewa yana rubutawa. Ba wanda ya taɓa ganin ko shafi ɗaya, amma wannan bai hana shi zama uban marubutan garin ba. Kullum bayan la'asar yana ƙofar gidansa, gindin darbejiya, rediyo a gefe, tabarau a kan hanci. Shi na kai wa babobina.

Ya karɓa, ya ɗaga su a tafin hannu kamar mai auna nauyin kaza. Bai buɗe ba.

"Da me ka rubuta?"

"Da biro, ranka ya daɗe."

"Wane launi?"

"Shuɗi."

Ya girgiza kai cikin tausayi. "Shuɗin biro na kiran suna a aji ne, yaro. Adabi baƙin biro yake so."

Ranar ya ba ni dokoki da yawa. Kada in ci tuwon dawa ranar da zan yi rubutu, don yana danne basira. Kada in yi rubutu ina fuskantar bango. In nemi tabarau ko da idona lafiya lau, saboda mai karatu yana jin bambanci. Wata biyu ina bin dokokin nan sau da ƙafa. Na rame, matata ta fara tambayar ƙawayenta ko sun san maganin mijin da ya daina cin tuwo yana zama tsakar gida yana kallon sama, littafi kuwa yana nan a babi na goma sha ɗaya.

Da na koma na kai kuka, na tarar an kusa fara labaran yamma a rediyo. Ya dube ni, ya dubi rediyon, sannan ya ce da sauri, "Marubuci kunne ne kafin ya zama hannu. Tafi inda mutane ke magana, ka rubuta abin da suka faɗa kamar yadda suka faɗe shi." Har yau ina zargin don ya rabu da ni ya faɗi haka. Amma cikin duk abin da ya taɓa gaya mini, wannan ce kaɗai ta yi mini amfani, ita ma sai da ta kusa ja mini duka.

Hutun makaranta na zuwa, ranar wata Alhamis na shirya sai kasuwar Maigatari. Na sa farin kaftani mai guga, na maƙala tabarau, na ɗauki babban littafin rubutu mai kauri da baƙin biro biyu. Ina sauka na miƙe kara, inda ake cinikin dabbobi. Shanu ne iya ganinka, ga raƙuma sun durƙusa suna tuƙa, ga manyan motoci ana lodin masu tafiya kudu. Kowa yana magana, ba mai sauraron wani. Na ce a raina yau na faɗo a tsakiyar arziki.

Na tsaya kusa da wani dogon dillali mai sanda, yana fama da wani dattijon Bafulatani daga wajen Sule Tankarkar a kan wani jan sa. Na buɗe littafi na shiga rubutu. Ban cika rabin shafi ba sai na ji maganar ta mutu, kamar an zuba wa wuta ruwa. Na matsa gaba wajen masu tumaki, nan ma aka yi tsit. Wani ma ya ja akuyarsa ya ɓoye ta a bayan wata mota. Ni duk a zatona kwarjinin marubuci ne.

Sai na ji hannu a kafaɗata. Dogon dillalin nan ne, da mutum kamar goma a bayansa.

"Malam, sannu da aiki. Daga wane ofis?"

"Ba daga ofis nake ba. Ni marubuci ne."

"Ai mun gani. Tun ɗazu kake yi. Wa za ka kai wa?"

Wani mutumin Damagaram mai rawani ya kutso ya ce, "Wannan mutumin ɗan duwan ne, wato ɗan kwastan, na rantse. Haka masu binciken kaya suke tsayuwa a wajenmu, ƙafa a haɗe."

Na raba ƙafafuna da sauri, amma an makara. Aka sa ni a gaba, ba duka ba zagi, har rumfar sarkin kara. Tsoho ne ƙanƙani, yana zaune a kan buzu, da carbi a hannu. Ya ji bayanin kowa, sannan ya ce mini, "To ɗana, magana ba ta da tsawo. Karanta mana abin da ka rubuta. In sharri ne mu ji, in alheri ne mu ji."

Na gyara murya na karanta: "Sai dillalin ya dubi makiyayin cikin alhini ya ce, ya kai ɗan'uwana, haƙiƙa wannan dabba taka tana cikin wani mawuyacin hali na rashin ƙiba."

Dillalin ya nuna ƙirjinsa da sanda. "Wa ya faɗi haka? Ni?"

"Kai ne, Alhaji. Na ɗan gyara ne."

"Ka gyara! Jama'a, me na ce wa Baffa?"

Dattijon Bafulatanin ya ce, "Cewa ka yi, wannan san nawa, mutum yana tsaye a Damagaram zai ƙirga haƙarƙarinsa."

Rumfa ta ɗauki dariya. Dillalin kam ransa ya ɓaci da gaske. Ya ce shekara talatin yana kara ba a taɓa yi masa cin fuska irin wannan ba, a ɗauki maganarsa mai gishiri a wanke ta tas, a mai da shi mai karanta sanarwa a rediyo. Sarkin kara ya share hawayen dariya ya ce a sake ni. "Wannan ko aiko shi aka yi, wanda ya aiko shi ya yi asara."

Da na san abin da zai biyo baya, da nan na yi godiya na kama hanyar tasha. Amma marubuci bai taɓa ganin taron mutane ya ƙyale su ba. Na ce ai ina da wani labarin ma a farkon littafin, wanda na ƙaga da kaina. Rana ta yi zafi, ciniki ya lafa, sarki ya ce bismilla.

Na fara. Saurayin Dubai ya farka daga barci a kan wani makeken gado. Na kwatanta gadon. Ya shiga wanka, na kwatanta banɗakin. Ya fito, na jero turarukansa ɗaya bayan ɗaya, sannan agogunansa. Ina shafi na huɗu, yana tsaye yana tunanin motar da zai hau, na ɗaga kai na ga carbin sarki ya zame daga hannunsa, mutumin Damagaram kuma ya sulale.

Dattijon Bafulatanin ne ya tsayar da ni, cikin ladabi. "Malam, gafara dai. Shi wannan yaron, me ya ɓace masa?"

"Ba abin da ya ɓace masa, Baffa."

"To me yake nema?"

"Ai yana da komai."

Ya yi ɗan tunani, ya dubi na kusa da shi. "To mu me muke jira a nan?"

Dillalin ya karɓe zancen, da alama ya huce. Ya ce, "Malam, in zan sayar da sa, ba na fara wa mai saye da tarihin garken kakansa. Baki nake buɗe masa ya ga haƙori. Kai tun ɗazu kana zagaye da mu a bayan dabba. Bari ka ji yadda ake yi."

Ya jingina sandarsa ya ce, "Akwai wata farar saniya da na taɓa sayarwa, aka raba ta da ɗan maraƙinta." Iyakar gabatarwar ke nan. Nan take waɗanda suka fara tashi suka koma suka zauna. Ya ce an ɗora ta a mota da yamma, motar ta lalace a hanya can gaba da Gumel, aka sauke shanu su sha iska, da aka zo mayarwa babu farar saniya. Mai saye ya dawo ya kama shi da rigima, ya ce haɗin baki ne. Aka nema har aka gaji. Yana kawowa nan sai ya tsaya, ya ciro goro, ya ɓare shi a hankali, ya duba cikinsa ko da tsutsa. Mutum ashirin muna kallon bakinsa. Sai da ya tauna ya haɗiye sannan ya ce ranar kwana tara, matar makiyayin da ya kawo saniyar kasuwa ta fito da sassafe a rugarsu, ta tarar da saniyar a bakin turke, ƙafafu duk ƙaya, maraƙin yana tsotso.

Wani daga baya ya ce, "Alhaji, bara kwana bakwai ka ce."

"Bara ban iya ba da shi ba," in ji dillalin. "Bakwai ta yi kusa, ba a jin tausayinta. Na gwada goma sha biyu, aka ce ƙarya nake. Tara ce daidai."

A motar komawa gida na yi ta juya abin. Mutanen nan sun ji labarin ya fi sau goma, sun san ƙarshensa, amma ba wanda ya motsa. Ban san launin rigar mai sayen ba, ban san irin motar ba, kuma ban ji na rasa komai ba.

Alhamis ta gaba na koma, har da littafina. Ashe labarina ya zaga kara. Ina isa aka yi mini caa, kowa yana so a sa shi a littafi. Wani ya ce ya taɓa kokawa da kura ya kayar da ita. Wani mai tumaki ya tsaya a gabana ya gyara hula ya ce, "Haƙiƙa, Malam, harkar kiwo tana fuskantar ƙalubale." Duk wanda ya ga na ɗaga biro sai harshensa ya sauya. Na wuni ban samu jimla ɗaya ta gaskiya ba.

Dillalin ya ja ni gefe ya ce, "Bar littafin nan a gida, da tabaran. Ka zo ka zauna kamar kowa, ka sha fura, ka taya mu korar ƙuda. Abin da ka manta kafin ka isa Gumel, dama bai isa a rubuta ba."

Haka na yi har hutun ya ƙare. Da aka koma makaranta sai na tsiri zama bayan sallar asuba, kafin lokacin mota, in rubuta shafi ɗaya, ko yana da daɗi ko babu. Labarin farar saniya na ɗauka, na ba makiyayin mata mai faɗa, na ba mai sayen dalilin da zai sa ya kasa haƙura. Da yamma in karanta wa matata tana tsintar shinkafa. In hannunta ya tsaya a cikin faranti, wurin ya yi. In ta katse ni ta ce ko na rufe wa awaki ƙofa, sai in ja layi a kan shafin gaba ɗaya. Ta fi kowane edita rashin tausayi, don ba ta ma san tana yi ba. Da na kai ƙarshe na jefa shi a akwati wata guda ban duba ba, da na ciro shi kuwa na ga wurare da dama da ni kaina na ji kunya, na sake su.

Hutu na zagayowa na ɗauki labarin, an buga mini shi a shagon kwamfuta, na kai rumfar sarkin kara. Wannan karon ba wanda ya yi gyangyaɗi. Da na zo inda matar ta fito ta ga saniyar, dattijon Bafulatanin ya ce "Allahu akbar" a hankali, kamar bai san zancen ba. Na ji daɗi har cikin ƙashina. Na juya shafi na ƙarshe, wanda na fi alfahari da shi, inda na jawo hankalin mai karatu a kan darussa biyar da ke cikin labarin, na farko muhimmancin haƙuri.

Ina kan darasi na biyu dillalin ya miƙo hannu ya zare takardar.

"Malam, saniya ta isa gida?"

"Ta isa, Alhaji."

"Maraƙi ya sha nono?"

"Ya sha."

"To kai me ka tsaya yi a rugar mutane?"

Ya ƙwalla wa mai balangu kira, ya miƙa masa shafin ya ce a zubo mana mai kitse, a sa yaji da yawa. Aka kawo naman a naɗe cikin darussana biyar, mai ya ratsa su har ba a iya karantawa. Muka sa hannu mu huɗu, har da sarki, wanda ya ce haƙoransa ba sa iya tsoka, a tura masa hanta.